Ruwan Kwamfutar Injiniya Musbahu

Kwamfutar ta iso ofishin ruwa ne a shekarar 2004, a bayan farar motar wata ƙungiyar ƙasar waje da ta ɗaura niyyar koya wa manoman rani yadda ake noman rani. Ofishin ɗaki biyu ne da baranda, a bakin babban kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Aka share ɗaki guda aka ba ta. Tela ya zo ya auna ta, ya ɗinka mata rigar shadda ruwan toka. Aka kafa doka: ba a shiga wajenta da takalmi, ba a barin ƙofa a buɗe, ba a shan rake a kusa da ita. Shugaban ofishin ma, da yake zuwa daga Kano ran da ya tuna, bai taɓa samun wannan gata ba.

An ce aikinta lissafin ruwa. Za ta san abin da ya taso daga dam ɗin Tiga, ta san abin da kowane ƙauye yake bukata, ta raba ba son kai. Abin da ya rage kawai na'urorin auna ruwa ne da za a dasa a kanal, waɗanda aka ce suna kan hanya. Masu farar mota suka yi hoto da manoma suka tafi. Na'urorin suna kan hanya har yau. Ruwa kuwa ya ci gaba da rabuwa yadda ya saba, kowane ƙauye da ranarsa. Sammani mai buɗe ƙofa ya ɗaure ƙaton ƙarfen juya ƙofar ruwa a bayan kekensa, ya je ya buɗe wa masu rana, ya rufe wa waɗanda suka sha jiya, ya sha zagi daga ɓangarorin biyu, ya dawo.

Wanda aka damƙa wa kwamfutar shi ne Musbahu, don shi kaɗai ne a ofishin ya taɓa ganin irinta a kunne. Tattalin arzikin noma ya karanta a jami'a, ko famfon gidansa bai iya gyarawa ba. Amma da yake yana aiki a ofishin ruwa, kuma yana cusa riga cikin wando, sai jama'a suka naɗa shi Injiniya. Da farko yana gyara musu. Da ya ga gyaran ba ya kamawa, sunan kuma ba ya ciwo, sai ya haƙura ya karɓa.

A lokacin yana wani ƙarin karatu a Kano, Asabar da Lahadi, saura rubutun kammalawa. Ya kira abokinsa Taufiq, mai shagon buga takardu a birni, ya zo ya sa masa abin rubutu a kwamfutar. Taufiq ɗan kasuwa ne na gaske, ba ya sallamar mutum ba gyara. Da ya gama, sai ya zaro wani faifai daga aljihu ya ce, "Ga wannan, in kanka ya yi zafi ka sha iska da shi."

Wasa ne na bututu. Gilashin kwamfutar ya kasu gida-gida kamar gonar da aka gama yanka wa komaye. A can gefe guda akwai famfo. Sai a riƙa miƙo maka guntayen bututu, wani miƙaƙƙe, wani mai lanƙwasa, wani mai giciye, kai kuma kana jerawa kafin famfon ya saki wani ruwa shuɗi mai kyau, irin wanda ba a taɓa gani a kanal ba. In ka shimfiɗa masa hanya har ƙarshe, a buga maka ɗan kiɗa. In ya riga ka, ya fashe ya malale, kwamfutar ta yi wani kuka kamar an taka agwagwa.

Yaran yanzu, da kowa yake yawo da wasanni a aljihu, ba za su gane abin da wannan yake nufi ba. A wancan zamanin sai an kawo wuta. In an kawo, sai ka cire wa kwamfutar rigarta ka ninke, ka kunna, ka jira ta gama miƙa da gyaran murya kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana. Fanka tana ƙara a sama. Ta taga ana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen tumatir, balbelu suna bin mai huɗa, motocin kwanduna suna wucewa zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Wayar hannu ba ta kama sabis sai an hau kan gada, saboda haka babu mai neman mutum. Musbahu bai taɓa samun wani abu a rayuwarsa da yake yin biyayya irin ta wannan ruwa ba. Ba ya bin ramin ɓera, ba mai sace shi da tiyo, ba mai kawo ƙara a kansa. Rubutun kammalawa ya tsaya a shafin farko, amma fa take ne mai kyau, an rubuta shi da manyan baƙaƙe, an ja masa layi a ƙasa.

Abu ɗaya Musbahu ya mallaka a yankin nan da yake ji da shi, ba gona ba ce ba kuma babur ba, don babur ɗin ma na ofis ne. Abin shi ne yadda surukinsa, Malam Hambali, yake ganinsa. Lokacin da 'yar Malam, Ummulkhairi, ta ce shi take so, dangi sun yi ta gunaguni a kan ɗan albashin da ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Malam Hambali ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce, "Yaron nan yana da natsuwa. Duk abin da ya sa a gaba, ba ya ɗaga kai sai ya ga bayansa." Da wannan magana aka ɗaura aure, da ita kuma Musbahu yake shiga taron dangin matarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ummulkhairi ita ce 'yar fari, saboda haka ubanta bai taɓa kiran sunanta ba, kunyar kuma ta malala ta haɗa da mijinta. Malam Hambali ba ya kiran sunan Musbahu, ba ya kallon idonsa, ba ya ɗaga murya in yana wuri. In suka haɗu a hanya, su biyun sai su yi ta gaisawa da ƙasa. Duk wata magana mai nauyi ta bakin Ummulkhairi take bi. Gonarsa kuwa tana can ƙarshen ƙaramin kanal, inda ruwa yake isa bayan kowa ya ƙoshi.

Wata rana bayan magariba, a ƙarshen watan Oktoba, Ummulkhairi ta ajiye masa tuwo ta zauna tana goya 'yarsu.

"Abban Yusra, Baba ya ce in tambaye ka, wai ranar ruwansu ta gobe tana nan?"

"Tana nan mana. Ina za ta je?"

"Ya ji an ce Sammani ya faɗi a keke."

"Targaɗe ne kawai. Ƙarfen yana ofis, ni zan buɗe da kaina."

Ta dube shi. "Kai? Ka san inda ake sa shi?"

"Injiniya fa kike tambaya."

"Ai shi ya sa na tambaya."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce Baba zai cire irin tumatir ɗinsa da asuba, ya riga ya ɗauki 'yan ƙwadago. Rainon farko tsutsa ta cinye, wannan shi ne na biyu, kuma lokaci ya ƙure, ba na uku. Iri kuwa in an cire shi daga wurin raino ba ya komawa. Ko ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa a ranar, ko a zubar.

"Ki ce masa ya cire," in ji Musbahu. "Kafin rana ta yi zafi ruwa yana gonarsa."

Da gaske yake. Washegari ya riga kowa zuwa ofis. Ya buɗe ɗakin ajiya, ya ɗauko ƙarfen, ya ji nauyinsa ya fi yadda yake gani a bayan keken Sammani. Yana tsaye da shi a baranda sai ya ji fankar ɗakin kwamfuta ta fara juyawa da kanta. An kawo wuta, bayan an daɗe ba a gan ta ba.

Ba wai ya yanke shawarar yin wasa ba ne. Shawarar da ya yanke ita ce ya duba ko kwamfutar tana nan lafiya bayan wannan dogon zama, wanda kuwa aikinsa ne. Ya jingine ƙarfen a bayan ƙofa, ya cire takalmi, ya rufe ƙofa kamar yadda doka ta ce. Kwamfutar tana nan lafiya. Ya ce bari ya duba ko linzamin da ake sarrafa ta da shi yana aiki. Yana aiki. Rana ko gama fitowa ba ta yi ba, zagaye ɗaya ba zai kashe kowa ba.

Zagayen farko ya ci. Na biyu ya ci. A na gaba aka kawo masa wani fili da bai taɓa kaiwa ba, mai duwatsu a tsakiya da ba a ɗora musu bututu, ruwan kuma yana tahowa da gudu. Ya fashe. Ya sake. Ya fashe a wuri ɗaya, a lungun dama na ƙasa, saura ƙiris. Ya dafe kai, ya sake. Ya ƙara wa sifika murya don ya riƙa jin lokacin da famfon zai saki. Gumi ya jiƙa masa riga duk da fankar. Abin da Malam Hambali ya faɗa a kansa ranar neman aure gaskiya ne, bai ɗaga kai ba.

Ƙofar ce ta bugi bango. Lukmanu ne, ɗan kawunsa, taubashinsa, wanda gonarsa take maƙwabtaka da ta Malam Hambali. Da takalminsa ya shigo, da taɓon jiya da ya bushe a jiki. Lukmanu yana bin motocin tumatir zuwa Legas in kaka ta yi, ya ga duniya, ya kuma ga shagunan da yara suke biyan kuɗi su yi irin wannan. Kallo ɗaya ya yi wa gilashin.

"La ilaha illallahu. Bawana, wannan ne aikin?"

"Takalminka," in ji Musbahu, don shi ne abin da ya fara zuwa bakinsa.

"Takalmina? Kai, an kira azahar! Ka san an kira azahar?"

Musbahu ya dubi taga. Hasken da yake shigowa ba na safe ba ne. A bayansa ruwan shuɗi ya fashe, agwagwa ta yi kukanta.

"Na ce tun ɗazu in shigo in finciko ka, aka hana ni," in ji Lukmanu. "Sai da na zagayo ta baya kamar ɓarawo. Da ma an ce boko yana cin ƙwaƙwalwa, ban san har da man kai yake haɗawa ba."

"Wa ya hana ka?"

"Fito ka gani. Ka ɗauki ƙarfen kuma, tun da na ga kai ba ka san abin da ka zo yi duniya ba."

Malam Hambali yana zaune a gindin darbejiyar da ke gaban ofis, ya shimfiɗa ɗan rawaninsa a ƙasa, kekensa a jingine. Yana ganin surukinsa ya fito sai ya kau da kai ya dubi kanal. Musbahu ya durƙusa, ƙarfen a hannunsa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Malam. Sannu da fama. Sannu ƙwarai."

"Baba, tun yaushe..."

"Tun hantsi. Da na ga shiru sai na ce bari in zo ko lafiya. Na yi sallama, na ji injin ya cika ɗakin, ba a ji ba." Sallamar Malam Hambali ga mijin 'yarsa ta fari, ko ɗakin shiru ne sai an kasa kunne. "Sai na leƙa ta taga, Allah Ya yafe mini leƙen. Ai na ga aikin da idona. Na ga ruwan ya taso yana bin hanya, ana shimfiɗa masa, ana shimfiɗa masa, ya zo wani lungu ya fashe. Na ga an dafe kai. An koma tun daga farko. Na ce ashe haka ake shan wahala a kanmu kafin a buɗe ƙofa, mu muna can muna zagin Sammani."

Lukmanu ya juya baya, wani tari ya kama shi.

"Mutane sun zo za su buga ƙofa," in ji Malam Hambali, "na hana. Na ce duk wanda ya katse shi, in ruwan nan ya ɓace a hanya, shi zai nemo mana shi. Har wannan ja'irin na kora." Ya nuna Lukmanu da haɓa. Sannan ya yi ƙasa da murya, kamar mai tambayar jikin marar lafiya. "To yanzu ina ya tsaya? Ya wuce Kadawa?"

Gaskiyar tana bakin Musbahu, ba ta da tsawo, kalma biyu ce ko uku. Ya dubi ƙafafun tsohon, farare fat da busasshiyar ƙasa, a ranar da ya kamata a ce suna cikin taɓo har ƙauri. Ya dubi gefen fuskarsa, ya ga babu komai a ciki sai tausayinsa da ake ji.

"Ya wuce, Baba," ya ce. "Ya iso. Yanzu zan buɗe."

"Alhamdu lillahi. Allah Ya yi albarka."

Lukmanu ne ya nuna masa inda ake sa ƙarfen, shi ne kuma ya kama masa suka juya, yana yi yana karanto masa tarihin wautar danginsu na wajen uba. Ruwan gaske ba ya sauri don an matsu. Ya bi ƙaramin kanal yana cika kowane rami, yana tsayawa gaisawa da kowace ciyawa, bai isa gonar Malam Hambali ba sai da rana ta karkata. 'Yan ƙwadago sun gaji da jira sun tafi. Da aka ɗaga jiƙaƙƙun buhunan da aka lulluɓe irin da su, buhunan sun bushe, irin kuwa ya yi laushi ya kwanta kamar ramar da aka sauke daga wuta.

Manoman ƙarshen kanal suka taru, kowa da abin da ya tanada zai faɗa wa Injiniya. Malam Hambali ya miƙe a gabansu, mutumin da ba a cika jin muryarsa a taro ba.

"Ku ji tsoron Allah," ya ce. "Ni na fi kowa asara a nan, ni kuma na ga abin da ya faru. Bawan Allahn nan tun safe bai sha ruwa ba, bai miƙe ƙafa ba. Ruwan ne ya yi gardama. Wanda bai gani ba ya yi shiru."

Suka yi shiru, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, yau ma ba ƙarya ya yi ba.

Musbahu ya naɗe ƙafar wando zai shiga komi ya taya dasa abin da ya rage. Malam Hambali ya ɗaga hannu, yana kallon wani wuri dabam. "A'a, Malam. A je a huta. Gobe akwai wasu ƙauyen da suke jiran hannun nan." Haka ya hau babur ya bar tsoho da taubashi a sunkuye, suna tsintar masu ɗan sauran rai suna cusawa a taɓo. Cikin 'yan kwanaki aka ga sakamako. Abin da ya tashi bai kai a kira shi gonar tumatir ba.

Lukmanu ya riƙe bakinsa a gaban maza, amma labari mai daɗi irin wannan ya fi ƙarfin cikinsa, sai da ya sauke shi a wajen Ummulkhairi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta kawo abinci, ta zuba masa ruwa a kofi a hankali.

"A sha a hankali, Injiniya," ta ce, "kada ya fashe a lungu."

Ya ajiye cokali. "Gobe zan je in faɗa wa Baba gaskiya."

"Ka faɗa masa me? Cewa ya yini a gindin bishiya yana gadin mai wasan yara? Cewa ya kori mutanen da suka zo da gaskiyarsu? Ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida a kanka, kana so ya koma ya ce musu idonsa ne ya yi ƙarya?"

"To ai ba zan iya..."

"Ba za ka iya ɗauka ba, shi ne za ka kai masa ya ɗauka. Tumatir ya riga ya tafi, ya ce alkama zai zuba. Shi bai san ya rasa wani abu bayan tumatir ba. Ka bar shi haka."

"To in yi yaya?"

"Ni na sani? Ni a sakandare na tsaya."

Ya yanke shawarar a cire wasan daga kwamfutar gaba ɗaya. Sai dai bai san yadda ake cirewa ba, ya hau gada ya kira Taufiq, Taufiq ya ce yana nan tafe. Kafin ya zo, ranar ruwan ƙarshen kanal ta zagayo. Sammani yana gida har yanzu, ƙafa a ɗaure. Musbahu ya iso ofis da sassafe, da niyyar ko kallon ɗakin kwamfuta ba zai yi ba, sai ya tarar da kekuna a jingine a gindin darbejiya. Malam Hambali ne da wasu dattawa biyu, sun sa rigunan Juma'a a ranar da ba Juma'a ba.

Bayan an gama gaisawa da ƙasa, ɗaya daga cikin dattawan ya yi magana, don Malam Hambali ba zai iya roƙon surukinsa baki da baki ba.

"Injiniya, Malam ne ya ba mu labarin abin da ya gani. Muka ce in ba za mu takura ba, mu ma a bar mu mu gani. Ba za mu yi magana ba. Addu'a kawai za mu riƙa yi daga baya, ko Allah Ya sa yau ya zo da sauƙi."

Musbahu ya ɗaga kai ya dubi wayar wuta, yana fatan abin da bai taɓa fata ba. Ta cikin taga ya ji fanka tana juyawa.

"Baba, ai yau ba sai an..."

"A'a, a yi komai yadda aka saba," in ji dattijon. "Kada a yi gaggawa saboda mu, a buɗe ƙofa ruwa bai iso ba."

Suka cire takalma tun daga baranda. Suka ƙi kujera, suka zauna a ƙasa a bayansa, suka tanƙwashe ƙafa. Musbahu ya cire wa kwamfutar riga, ya ninke, ya kunna. Ya rage wa sifika murya har ƙasa, don bai ga yadda zai fassara kukan agwagwa ba. Ya zaɓi fili mafi sauƙi, na farkon farko, wanda da yake wucewa da hannu ɗaya yana cin gyaɗa a ɓoye da ɗayan. Yau linzamin yana zamewa a tafinsa. Ya san in ya fashe sai ya sake, in ya sake rana tana tafiya, alkamar surukinsa kuma tana jira a busasshiyar ƙasa.

Famfon ya saki. Ruwan shuɗi ya kama hanya. A bayansa ya ji ƙarar carbi da numfashin tsofaffi.

"Ga shi nan," wani ya raɗa. "Ya taso."

"An ce ba magana," in ji Malam Hambali.

Miƙaƙƙe, mai lanƙwasa, miƙaƙƙe. Aka miƙo masa mai giciye a inda ba ya so, ya jefa shi can gefe. Wani dattijo ya ja numfashi, ya ɗauka gonar wani ce aka tsallake. Ruwan ya bi lanƙwasa ta ƙarshe ya shige inda ake so ya shiga.

"Ya iso," in ji Musbahu.

"Masha Allah! Masha Allah!" Dattawan suka shafa. Ɗayansu ya ce shi dai ya gode wa Allah da Ya nuna masa wannan zamani. Malam Hambali ya tashi, ya ɗauko ƙarfen daga bayan ƙofa, ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu, fuskarsa na kallon bango.

Da Taufiq ya zo daga baya, Musbahu ya ce masa ya bar wasan, ana amfani da shi. Har ƙarshen ranin nan dattawa ba su fasa zuwa ba, wani lokaci da baƙi. Ran da babu wuta yakan ce musu ya yi lissafin tun jiya, su tafi suna ɗan jin an rage musu wani abu. Ƙarshen kanal bai taɓa samun ruwa a kan kari kamar wannan shekara ba. Shi kuwa bai sake buɗe wasan shi kaɗai ba. Ya gwada sau ɗaya, da rana tsaka, ofis ba kowa, sai ya ji yana jiran ƙarar carbi a bayansa, ya kashe.

Amma a wannan safiya ta farko da dattawan suka zo, abin da ya sani kawai shi ne ya ɗaure ƙarfen a bayan babur ya kama bakin kanal. Raɓa ba ta gama bushewa ba. Ya sa ƙarfen a inda aka nuna masa, ya dafa da ƙirji ya juya, ƙofar ta yi ƙara ta ɗaga. Ruwan ya kutso ta ƙasa, ja, mai kumfa, ɗauke da karan shinkafa da wani silifa ƙafa ɗaya. Ya tsaya yana haki, tafin hannunsa yana zafi. Can baya a kan hanya ya hango dattawan uku a kan kekunansu, a jere, rigunan Juma'a suna kumbura da iska, suna taka feda da ƙarfi don su riga ruwan isa gona.